Yadda Ake Zaɓar Haruffan Serif Masu Ƙayatarwa Da Yadda Ake Aiki Da Su

Buɗe littafin da aka buga da kyau, ka matso da shi kusa da idonka, ka dubi harafin "n" ko "T". Za ka ga ba a datse ƙarshen sandunansu haka kawai ba, an yi wa kowace sanda 'yar ƙafa ko ɗan baki da ya leƙo gefe. Waɗannan 'yan ƙafafu su ne serif. Times New Roman, Garamond, Georgia da Bodoni duk suna da su, Arial da Helvetica kuwa babu.

Sai dai ba ƙafar ce ke sa a ga harafi a ce ya ƙayatar ba. Abin da ke jan ido shi ne yadda layi ke kumbura ya yi kauri a wani wuri, sannan ya tsuke ya koma siriri a wani wurin, duk a cikin harafi guda. Kyan yana cikin wannan siririn layi, kuma daga nan aiki ke fara lalacewa, domin shi ne abu na farko da ke ɓacewa idan an ƙanƙanta harafi, ko takarda ta sha tawada, ko hasken fuskar waya ya mamaye shi. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na kare wannan layi.

Mataki na farko: san inda rubutun zai zauna

Kafin ka buɗe jerin salon haruffa a kwamfuta, amsa wa kanka tambayoyi uku. A takarda za a karanta ko a fuskar waya? Daga nesa ko a hannu? Kalma biyu ce ko shafi ɗari uku? Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya fara da zaɓen salon da ya burge shi, daga baya yake neman inda zai cusa shi, yawanci da rubutun da ba ya karantuwa yake ƙarewa.

Ka kuma ajiye wata magana da ake yawan maimaitawa, cewa masu ƙafa sun fi sauƙin karantawa a takarda, marasa ƙafa kuma a kan allo. Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna wani bambanci ƙwaƙƙwara ba. Girman harafi, tsawon layi da sabon ido sun fi ƙafa tasiri. Saboda haka idan ka zaɓi serif, ka zaɓe shi don yanayin da yake ba rubutu, na natsuwa da dattako.

Mataki na biyu: koyi gane dangogin

Haruffan serif sun kasu dangi huɗu. A nan ya kamata mutum ya ɗan zauna, domin wanda ya san dangogi huɗun nan zai iya kallon salon da bai taɓa gani ba ya faɗi aikin da zai iya.

Manyan baƙaƙen sun samo asali ne daga rubutun da Rumawa ke sassaƙawa a jikin dutse. Wanda aka fi kafa misali da shi yana gindin ginshiƙin tunawa da Sarki Trajan a birnin Rum, wanda aka kammala a shekarar 113. Wani malamin coci ɗan Amurka, Edward Catich, ya yi bayani a 1968 cewa da buroshi mai faɗin baki ake fara zana haruffan a kan dutsen kafin a sassaƙa, kuma ƙafafun sawun ɗaga buroshin ne. Ƙananan baƙaƙe kuwa daga hannun marubutan Italiya na ƙarni na 15 suka fito, masu rubutu da alƙalami mai faɗin baki da ake riƙewa a ɗan karkace. Wannan karkata ta hannu ita ce mabuɗin gane dangi.

Ga gwajin. Ka ƙara girman harafin "o" har ya cika allo, ka nemi wurare biyun da ya fi sirancewa, ka ja layi a zuciyarka tsakaninsu. Idan layin ya karkata hagu, tsohon dangi ne. Idan ya miƙe tsaye ƙyam, sabon dangi ne. Sannan ka dubi yadda ƙafa ke haɗuwa da sanda: da lanƙwasa a hankali, ko kuwa kai tsaye kamar an ɗora ruler.

Tsohon dangi ya fara ne a birnin Venice na Italiya. A 1470 wani Bafaranshe mai suna Nicolas Jenson ya yi haruffan da har gobe ake koyi da su, kuma ana gane 'ya'yansu da sandar tsakiyar "e" da ke a karkace. Bayansa maɗaba'ar Aldus Manutius, da hannun masassaƙin haruffa Francesco Griffo, ta fito da salon da aka farfaɗo da shi a 1929 da sunan Bembo, sannan a 1501 ta fito da karkatattun haruffa na farko, wato italik. Claude Garamond ya ɗora a kan wannan a Paris a ƙarni na 16, William Caslon kuma a Landan a ƙarni na 18. Da haruffan Caslon aka buga takardar shelar 'yancin kan Amurka a 1776. A wannan dangi bambancin kauri da siranta ba shi da yawa, shi ya sa suke jure dogon karatu da takarda mara santsi. (Da yawa daga cikin salon da ake sayarwa da sunan Garamond, har da wanda aka daɗe ana samu a Microsoft Office, a gaskiya daga aikin Jean Jannon aka kwafo su, wanda ya zo bayan Garamond da shekaru masu yawa. Beatrice Warde ce ta tono wannan a 1926. Don haka kada ka yi mamaki in ka ga Garamond biyu ba su yi kama ba.)

Dangi na biyu na tsakiya ne, kuma jagoransa John Baskerville na Birmingham a Ingila, wanda littafinsa na farko ya fito a 1757. Ya ƙara wa siririn layi siranta, ya kusa miƙar da karkatar. Abin lura shi ne bai tsaya ga zanen harafi ba. Sai da ya gyara tawadarsa ta ƙara baƙi, ya nemi takarda mai santsi, yana kuma matse shafuka tsakanin faifan tagulla masu zafi bayan an buga. Ya san siririn layi ba ya rayuwa sai an shirya masa wurin zama. Mutanen zamaninsa sun yi ta sukar cewa haruffan suna cutar da ido. Benjamin Franklin, ɗan Amurka mai sana'ar ɗab'i, ya rubuta masa wasiƙa yana ba shi labarin yadda ya miƙa wa wani mai sukar takardar haruffan Caslon a matsayin ta Baskerville, mutumin kuwa ya shiga nuna aibobi ɗaya bayan ɗaya, bai san haruffan da ya saba karantawa tun yana yaro yake kushewa ba. Times New Roman, wanda Stanley Morison da Victor Lardent suka yi wa jaridar The Times ta Landan a 1932, da Georgia na Matthew Carter, galibi a nan ake lissafa su.

Dangi na uku shi ne wanda yawancin mutane ke nufi in sun ce suna son haruffa masu aji. Firmin Didot a Paris da Giambattista Bodoni a Parma, a ƙarshen ƙarni na 18, sun kai bambancin maƙura: sanduna masu kauri sosai, sirara kamar gashi, ƙafafu miƙaƙƙu ba lanƙwasa. A babban girma babu mai ja da su, shi ya sa mujallun ado irin su Vogue da Harper's Bazaar suka riƙe su a bangonsu, kamfanonin turare da agogo suka bi sahu. A ƙaramin girma kuwa sirarun layukan suna ɓacewa, ido ya riƙa ganin sanduna tsaye kawai suna walƙiya.

Na huɗu masu ƙafafu masu kauri ne, kusan daidai da sandar. Sun bayyana a Landan wajen 1815 don tallace-tallacen bango, Clarendon ya zo a 1845, Rockwell a 1934. Ƙarfi suke nunawa, ba laushi ba, amma suna da ranarsu idan za a buga a kan kwali, buhu ko tufa.

Mataki na uku: haɗa dangi da aikinsa

Littafi, kundin bincike, dogon rahoto: tsohon dangi ko na tsakiya. Garamond, Caslon, Sabon na Jan Tschichold, Minion na Robert Slimbach, Palatino na Hermann Zapf, Baskerville idan takardar tana da kyau. Katin gayyata, bangon mujalla, tambarin kamfani, takardar shaidar kammala karatu: a nan Didot, Bodoni, Playfair Display da Cormorant ke haskawa, muddin kalmomin kaɗan ne kuma manya. Dogon karatu a waya ko kwamfuta: Georgia, wanda Microsoft ta fitar a 1996 musamman don allon da ba shi da kaifi, ko Merriweather, Source Serif, Charis.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma yana da zafi a gani, shi ne mutum ya ga Playfair Display ya yi kyau a kan take, sai ya zuba shi a dukan shafi har adireshi da lambar waya. Katin ya fito kyakkyawa daga nesa, amma dattijon da aka aika wa ya kasa karanta ranar taron. In an yi haka, katin bai yi aikinsa ba, komai kyansa.

Game da Times New Roman, ba shi da laifi, an dai gaji da ganinsa. An matse shi ne don ya shiga siririn layin jarida, shi ya sa idan aka shimfiɗa shi a faɗin takardar A4 layin ke yin tsawo fiye da kima.

Mataki na huɗu: tabbatar salon ya cika

Kafin ka ƙulla da kowane salo, rubuta jimla ɗaya da ta ƙunshi duk baƙaƙen harshen da za ka yi aiki da shi, manya da ƙanana. Ga mai rubutun Hausa, wannan yana nufin ɓ, ɗ, ƙ da Ɓ, Ɗ, Ƙ, da ƴ ga masu amfani da shi. Salo masu kyau da yawa ba su da su. Abin da ke faruwa shi ne kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ba tare da ta sanar da kai ba, sai ka ga "ƙ" a tsakiyar kalma ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsayi, ko kuma ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe duk ƙayatarwar. Charis da Gentium na cibiyar nazarin harsuna ta SIL, da Noto Serif na Google, suna da waɗannan baƙaƙe, kuma kyauta ne. Sauran kuwa sai ka gwada da idonka, har a cikin italik da mai kauri, domin wani lokaci ana samun su a ɗaya a rasa a ɗaya.

Duba kuma ko italik ɗin na gaske ne. Na gaske zanensa daban ne: "a" ɗinsa yana komawa irin na rubutun hannu, "f" yana sauko da jela ƙasa da layi. Idan salon ba shi da shi, manhaja tana tura haruffan gefe ne kawai, su fito a murɗe. Haka take yi wa kauri, ta shafa wa harafi kitse ta ko'ina, har siririn layin ya mutu.

Lambobi iri biyu ne. Akwai masu tsayi ɗaya kamar manyan baƙaƙe, waɗanda suka dace da jadawali da lissafi. Akwai kuma masu hawa da sauka, inda 3, 4, 5, 7 da 9 ke saukowa ƙasa, 6 da 8 su hau sama. Waɗannan su ne ke narkewa cikin jimla ba tare da sun yi ihu ba. Georgia da su yake zuwa, shi ya sa bai dace da jadawalin kuɗi ba.

Sai lasisi. Wanda ke ƙarƙashin lasisin OFL, wato izinin amfani da haruffa kyauta, kamar yawancin na Google Fonts, za ka iya aikin kasuwanci da shi. Na saye kuwa sau da yawa izinin ɗab'i daban ne da na shafin intanet. Karanta kafin ka miƙa wa mai aiki.

Mataki na biyar: girma

Da sayis ake auna girman harafi, wato lambar da kake zaɓa a kwamfuta. Sayis 72 shi ne inci guda. Jikin rubutu a littafi yana zama tsakanin sayis 10 da 12, a shafin intanet kuma daga fiksel 16 zuwa sama. Amma lambar ba ta faɗin komai da komai, saboda abin da ido ke aunawa shi ne tsayin ƙananan baƙaƙe irin su a, o da x. Na Garamond gajeru ne, na Georgia dogaye, don haka Garamond 12 zai yi kama da Georgia 10 da ɗan wani abu. In ka sauya salo, sake auna girma.

A zamanin haruffan dalma kowane girma da hannu ake sassaƙa shi daban. Ƙanana a ba su kauri da sarari, manya a sirantar da su a matse. Da aka koma kwamfuta sai zane ɗaya ya zama ana ja ana tsukewa, aka yi asarar wannan hikima. Wasu salo sun dawo da ita: Minion da Source Serif 4 suna da zane daban don ƙananan bayanai, jikin rubutu da manyan take. Idan ka ga an liƙa wa sunan salo kalmar Display, na take ne, kada ka sauko da shi ƙasa da sayis 20 ko makamancin haka. Wanda aka liƙa wa Text ko Caption kuma kada ka kumbura shi a allon talla, zai yi nauyi.

Mataki na shida: sarari

Harafi mai laushi yana buƙatar wurin shaƙar iska. Tsawon layi ya kasance tsakanin haruffa 45 da 75, har da guraben da ke tsakanin kalmomi, kuma wajen 66 ne aka fi so. Ƙirga layi uku ka ɗauki matsakaici. In ya zarce, faɗaɗa gefen shafi ko ka raba rubutun gida biyu. Tazarar layi da layi ta kama daga kashi 120 zuwa 145 cikin 100 na girman harafi: sayis 11 ya samu tazarar 14 ko 15. Dogon layi da salon da ƙananan baƙaƙensa ke da tsayi sun fi son tazara mai yawa.

Kada ka taɓa tazarar da ke tsakanin ƙananan baƙaƙe a jikin rubutu, wanda ya zana su ya riga ya auna. Manyan baƙaƙe zalla kuwa suna son a ɗan buɗa su, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, kuma nan ne sirrin tamburan da ke kama da na masu hannu da shuni. Layi ɗaya ko biyu ya isa. Sakin layi guda da manyan baƙaƙe zalla azaba ce ga mai karatu.

A babban take, bi haruffan bibbiyu. "Ta", "Ya", "Wa" da "AV" sukan bar giɓi, sai a matso da su da hannu. Kunna haɗaɗɗun haruffa kuma, musamman "fi", domin a salo da yawa kan "f" yana karo da ɗigon "i", kuma kalmomi irin su fita, fili da tafi ba sa ƙarewa a shafi. Ka lura da alamar ɗauri a farkon kalma kamar 'ya'ya: manhajar rubutu takan juya ta farko ta fuskanci baya, ta ɗauka buɗe zance za ka yi. A serif mai lanƙwasa wannan yana fitowa fili, sai an gyara.

Daidaita gefe biyu na rubutu yana kyau a littafi, amma a siririn layi, kamar na waya, yana buɗe ramuka tsakanin kalmomi. A can bar gefen dama a sake.

Mataki na bakwai: abokin tafiya

Salo biyu sun isa, kuma sau da yawa ɗaya ma ya isa, idan yana da italik da kauri masu kyau. In za ka haɗa, nemi bambanci bayyananne. Garamond da Caslon a shafi ɗaya kamar kuskure suke fitowa, don sun yi kama amma ba su zama ɗaya ba. Tsohon dangi yana jituwa da marasa ƙafa masu ɗauke da sawun alƙalami, irin su Gill Sans da Frutiger. Bodoni da Didot sun fi zama da masu tsayayyen gini kamar Futura ko Helvetica. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗaukar waɗanda aka zana tare: Source Serif da Source Sans, Noto Serif da Noto Sans, Merriweather da Merriweather Sans. Ka ba kowanne aikinsa, ɗaya take ɗaya jiki, kada su riƙa musanya daga shafi zuwa shafi.

Mataki na ƙarshe: gwada a inda za a karanta

Gani ya kori ji. Allon kwamfutarka yana yi maka ƙarya, domin kana kallon aikin a kumbure, da haske mai kyau. Buga shafi ɗaya a ainihin girmansa, a irin takardar da za a yi aikin da ita, ka riƙe shi a nisan karatu. Takarda mara sheƙi tana shan tawada, haruffa su ƙara kauri, ƙananan ramukan "e" da "a" su toshe. Mai sheƙi kuma tana fito da siranta yadda take, har tsohon dangi ya kan yi kamar ya rame a kanta.

Farin rubutu a kan baƙi ko launi mai duhu ya fi komai hatsari, saboda tawadar da ke kewaye tana cin siririn layin daga gefe biyu. Ƙara girma, ko ka hau mataki ɗaya na kauri. Ƙananan haruffa kuma a buga su da tawada ɗaya, baƙa zalla in da hali, domin launin da aka haɗa daga tawada uku ko huɗu yana yin inuwa da zarar farantin da ke buga ɗaya daga cikinsu ya goce ko da kaɗan ne. Idan da ruwan zinari za a danna, ko za a yi ɗinkin tambari a tufa, ko a yanka shi a ƙarfe, tambayi mai injin iyakar sirantar da injinsa ke ɗauka tun kafin ka gama zane, ka auna siririn layinka da ita.

Na intanet kuma, buɗe shi a ƙaramar waya mai araha, a waje cikin rana, ba a babbar kwamfuta kaɗai ba. Kauce wa launin toka mai haske a kan fari. Sannan miƙa wa wani wanda ya girme ka, wanda bai san abin da aka rubuta ba, ka ce ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya tsaya ko ya matso da takardar kusa da fuska, yi wa wurin alama. Idan za ka aika fayil maɗaba'a, mayar da shi PDF tare da haruffan a cikinsa, ka sake buɗe shi a wata kwamfutar da ba ta da salon, ka duba ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya kafin ka ba da izinin bugawa.